Tsumman da Bai Ɓaci Ba

Abu na farko da nake iya tunawa a rayuwata shi ne wani ɗan ƙoƙo na man shanu. Na ce na farko, amma ba zan rantse ba, domin tunanin yarinta yakan cakuɗe da abin da aka ba mutum labari daga baya. Ƙoƙon dai na gan shi da idona. Yana rataye a ragaya a ɗakin kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Ba a taɓa zuba man cikinsa a tuwo ba. Nawa ne ni kaɗai.

Kowace safiya, kafin in fita wasa, Kaka takan kira ni bayan ɗaki. Ta wanke hannu, ta kifa ni a cinyarta, ta lakato man da ƙaramin yatsanta, ta sa mini a dubura. Akwai zafi, amma ba mai yawa ba. Tana yi tana tsokanata.

"Tsaya mana, maigida. Wace mace za ta yi maka wannan hidima in ba ni ba? Ga ka, ko ɗankwali ba ka taɓa kawo mini ba."

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Wuri ne na jiki da ba a ambata a gaban mutane, kuma ni mutum ne mai yawan tunanin abin da za a ce. Amma na tsufa, waɗanda suka ga abin duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Don haka mai karatu ya yi mini haƙuri.

Ba a rubuta ranar haihuwa a zamaninmu. Bisa ƙiyasi, an haife ni shekara ashirin ko kusa da haka bayan zuwan Turawa. Abin da na riƙe shi ne ina ɗan yaro mai bin awaki aka riƙa zancen ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta wajen Gagarawa, inda gidan mahaifina yake. A wannan lokacin ne na gano cewa ba kowane yaro ne yake da ƙoƙon mai ba.

Muna zaune a gindin wata aduwa ni da yaran da muke kiwo tare, sai na tambayi ɗaya daga cikinsu, da zuciya ɗaya.

"Kai wa yake sa maka man da safe?"

"Wane mai?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. Kafin in rufe baki sun zube a ƙasa suna birgima don dariya. Ban jira awaki ba, na ruga gida ina kuka. Na tarar da Kaka tana kaɗi a inuwar rumbu. Na ce mata daga yau ba za ta ƙara taɓa ni ba, na sake ta, saki uku.

Ba ta yi dariya ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ta ajiye mazari, ta ce in zauna.

"Tun da ka isa sakin mace, ka isa jin magana. Kai ba ka zo duniya da ƙofa ba. Ƙofar da kake da ita, yi maka aka yi."

Kafin in faɗi abin da ta gaya mini, dole in ce wani abu game da mahaifiyata, don yaran yanzu ba lallai su gane ba. Ni ɗan fari ne. A wancan zamani mace ba ta kula ɗanta na fari a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi ko da ya faɗi ya fasa baki. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Gidanmu abin ya fi tsanani, don Kaka Bafulatana ce, a ruga ta tashi. Da aka yaye ni sai aka bar ni wurinta. Mahaifiyata takan zo ganin gida daga wajen Gagarawa, in gaishe ta ta amsa tana kallon wani wuri. Yaya nake ce mata, kamar yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Idan dole ta yi zancena sai ta ce "wannan". Na ɗauka ba ta ƙaunata, kuma ban ma ji haushi ba, don haka na ga ana yi.

Ga abin da Kaka ta ce. Na sake jinsa daga bakinta sau da yawa bayan nan, wasu wurare sukan ɗan sauya, amma gundarin bai taɓa sauyawa ba.

Da cikin Yaya ya tsufa, aka kawo ta gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Ta sauka lokacin kaka, ana cikin yankan gero. Ungozomar ƙauyen ce ta karɓe ni, wata tsohuwa mai kirki wadda kusan duk mutanen garin ta hannunta suka biyo, sai dai ganinta ya fara raguwa. Ɗakin jego kuwa ba taga, ga wuta ana hurawa, ga hayaƙi. Na faɗo da kuka mai ƙarfi, yatsu cikakku, komai cikakke a ido. Aka yanke cibi, aka wanke ni, aka yi kiran salla a kunnena. Ba a ba ni nono nan da nan ba, saboda a lokacin ana ganin ruwan nonon farko, daƙashi, ba shi da kyau ga jariri. Ruwan ɗumi aka riƙa ɗiga mini da ɗan nonon akuya.

Kowace mace ta san jariri yakan yi wani kashi na farko, baƙi wuluk mai danƙo, Kaka ta ce kamar daddawar da aka kirɓa. Ba wanda yake jiran sa, don ba ya ƙin zuwa. A nan kuskuren ya shiga. Ungozoma takan zo safe da yamma ta yi mini wanka. Tsakanin haka Kaka ke ɗauke tsumman da aka shimfiɗa mini. Ina fitsari, saboda haka ana wanki, ana shanya a kan danga. Ungozoma ta ga tsummokara a shanye, ta ɗauka Kaka ta riga ta wanke baƙin kashin. Kaka kuma ta ɗauka a hannun ungozoma na yi shi wajen wanka. Ba wadda ta tambayi 'yar'uwarta, don me za a tambaya?

Mutum ɗaya ce kawai ta san babu. Yaya tana kwance a kan gadon jego, fuskarta na duban bango kamar yadda ya kamata. Amma duk tsumman da aka zare daga ƙarƙashina, sai ta bi shi da wutsiyar ido. Ta ga na farko fari, na biyu fari, na bayansa ma haka.

Washegari, da ɗakin ya rage daga ita sai Kaka, ta gwada ta gefe.

"Inna, wankin nan bai ba ki wuya ba."

"Wane wanki?"

"Tsummokaran. Na ga kamar ba sa ɓaci."

"Ke, rufe mini baki! Tun yanzu kin fara? Ga mata cike da tsakar gida sun zo barka, so kike su ji ki, su ce ban koya miki komai ba?"

Yaya ta mayar da fuska ga bango. Kaka ta ce ita ba ta ma saurari abin da aka faɗa ba. Abin da ta ji kawai shi ne 'yarta na zancen ɗan fari.

Cikina ya fara kumbura. Ya yi tsiri, fatar ta yi sheƙi har ana ganin jijiyoyi. Abin da aka ɗiga mini sai in dawo da shi, daga baya aman ya koma kore kamar ruwan ganye. Ungozoma ta ce kumburin ciki ne na jarirai, aka jiƙa saiwa aka ba ni, ita ma ta dawo. Kukan nan mai ƙarfi ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa.

Ranar da na kwana uku, wanzami ya zo da hantsi don cire mini beli, kamar yadda aka saba. Dattijo ne daga ƙauyen gaba, shi yake yi wa gidanmu aski da kaciya tun zamanin iyaye. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin jego, Kaka ta fito da ni ta miƙa masa, mata suka kewaye. Ya buɗe bakina ya duba, ya taɓa cikin, ya ɗago kai.

"Yaron nan ba shi da ƙarfi. A bar belin nan sai ranar suna, in Allah ya kai mu."

Kaka ta ce yadda ya faɗi "in Allah ya kai mu", kowace mace a wurin ta gane ba ya zaton zan kai. Ya miƙo ni, ya mayar da kayansa cikin zabira, ya ɗaure, ya dafa gwiwa ya miƙe. Har ya sa takalmi.

Sai aka ji murya daga cikin ɗaki.

"Baba, bai yi kashi ba."

Mata suka waiwaya. Wata mata ta kama haɓa.

"Lallai! Mun ga zamani. Mai jegon fari da baki?"

"Ke!" in ji Kaka, ta juya wajen ɗakin. "Kin haukace ne?"

Sai ga Yaya a bakin ƙofa. Ta dafa bango don ƙafarta ba ta ɗaukarta sosai, kanta ko ɗankwali babu. Yarinya ce ƙarama a lokacin, wadda ko gaisuwa ba ta iya yi wa namiji sai ta durƙusa ta rufe fuska. Ta dubi wanzamin ido cikin ido.

"Tun da ya faɗo bai yi ba, ko sau ɗaya. Duk tsumman da aka ɗauke na gani. Baba, kada ka tafi. Ku juya ɗana ku duba."

Ɗana. Duk lokacin da Kaka ta zo nan a labarin sai ta dakata, ta maimaita kalmar a hankali, kamar har yanzu tana mamakin ta fito daga bakin 'yar da ta haifa. A gaban namiji, a gaban matan gari.

Wanzamin ya cire takalmi ya koma ya zauna. Ya karɓe ni, ya kife ni a cinyarsa, ya juya da ni wajen rana. Wannan ne karo na farko da aka dubi bayana a cikin haske. Inda ƙofa ya kamata ta kasance akwai ɗan lotsawa, wanda a cikin duhu kowa zai ɗauka ita ce. Amma da ya buɗa da yatsu biyu, sai ga fata a shafe sumul, kamar tafin hannu.

Mata suka ɗauki salati. Ungozoma ta zauna daɓas a ƙasa tana cewa, "Ni da na wanke shi da hannuna, ni da na wanke shi da hannuna." Wanzami ya ce tun da yake bai taɓa ganin haka ba, bai kuma ji ubansa ya faɗa ba.

Kaka ce ta tuna. Tana yarinya a ruga an taɓa haifar ɗan maraƙi haka, mahaifinta ya tsaga wurin da wuƙa, maraƙin ya rayu har ya zama sa. Ta kuma ji an yi wa wani ɗan tunkiya, shi bai rayu ba. Ta faɗi duka biyun, ba ta ɓoye ɗaya ba.

"Wannan ba maraƙi ba ne," in ji wanzami. "Ɗan mutum ne. Ba na sa masa aska sai da izinin maigida."

Mahaifina yana can wajen Gagarawa, ba a tsammanin sa sai suna ya matso. Aka ruga gona aka kira kakana. Ya shigo da ƙaiƙayin gero a jikinsa, ya duba, ya kawar da kai.

"In an bar shi fa?"

"Ba zai kai suna ba."

"In an tsaga?"

"Allah ne masani, Malam. Ban san abin da ke bayan fatar nan ba."

Kakana ya dubi ƙofar ɗaki, inda 'yarsa take tsaye har yanzu. Ya ce, "To, yi bisimilla."

Wanzamin ya zaro ƙaramar askar da yake tsaga da ita. Na taɓa tambayar Kaka ko ya sa ta a wuta tukuna, ta ce ita ba ta lura ba, kuma in daina yi mata tambayar 'yan boko. Bai yanka nan take ba. Ya tsaya yana kallo, sai ya lura idan na yunƙura zan yi kuka wurin yakan ɗan tasa, wani duhu ya bayyana a ƙarƙashin fatar, in na lafa ya koma. Ya ce wa Kaka ta mintsine ni. Ta mintsine ni a cinya, na tattara sauran ƙarfina na tsala kuka, wurin ya taso, ya sa aska.

Da fari jini ne kawai. Ba wanda ya yi motsi. Ya ce a sake mintsini, ya ƙara shiga kaɗan. Sai aka ji iska ta fito da ƙara, bayanta kuma baƙin abin nan ya biyo, yana ta zuwa, yana ta zuwa, ya ɓata masa riga har ƙasa. Cikin nan da ya yi tsiri ya riƙa saɓewa a gaban idonsu kamar salkar da aka kwance wa baki.

Matar nan da ta kama haɓa ita ce ta fara rangaɗa guɗa. Sauran suka ɗauka.

"Na ga aure, na ga suna," in ji Kaka, "amma ban taɓa jin an yi wa kashi guɗa ba sai naka, maigida."

Ta ce wanzamin ya daɗe a zaune bai tashi ba, yana ta faɗin "ikon Allah, ikon Allah". Da aka waiwaya ƙofar ɗaki kuwa, ba kowa. Yaya ta koma gado, ta juya fuska ga bango.

Kafin ya tafi ya gargaɗe su cewa wurin zai nemi ya rufe, kamar yadda hujin kunne yake toshewa in ba a sa masa kara ba. Aka fara da lagwanin auduga da man shanu da gashin ruwan ɗumi. Da ya warke aka koma yatsa. Na yi zazzaɓi, an fid da rai har sau biyu, amma na kai suna, na wuce. Asalin ƙoƙon ke nan.

Yaya kuwa ta sha tsiya. Shekara da shekaru, in ta zo gida ta nufi rijiya, sai ka ji wata ta ce, "A ba mai ɗa hanya!" Ba ta taɓa tanka musu ba.

Ranar da Kaka ta fara ba ni labarin, ba askar ce ta tsaya mini a rai ba.

"Yaya ce ta ce 'ɗana'? Yaya tamu?"

"Ita fa. Sau ɗaya ta faɗa, kuma kada ka sa ran za ka ji da kunnenka."

Washegari da safe ni na ɗauko ƙoƙon da kaina.

Da Yaya ta sake zuwa ganin gida na riƙa bin ta da ido. Ba abin da ya sauya. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon kaji. Amma da yamma, tana niƙa Kaka na tankaɗe, na ji ta ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ta ɗaga kai daga dutsen niƙa ba, "Inna, wannan yana kewayawa kuwa?" Kaka ta ce, "Kullum." Sai na tuna na sha jin wannan tambayar duk zuwan da take yi, ban taɓa sanin ni ake nufi ba.

Daga baya aka sa ni makarantar boko a Gumel, na yi aikin koyarwa, har na sami digiri bayan furfura ta fara fito mini. Ba fannin likita na karanta ba, saboda haka abin da zan faɗa a ɗauke shi da taka-tsantsan. Na taɓa cire kunya na gaya wa wani likita da muka saba. Ya ce abin yana faruwa, ko da yake ba kasafai ba, kuma iri-iri ne. Wani hanjin yakan sauko har bakin fata ya tsaya, kamar nawa. Wani yakan ƙare can sama cikin ciki, inda aska ba za ta same shi ba, sai dai ta yi ɓarna. Wani kuma yakan ɓulle ta hanyar fitsari. Ya ce yanzu a asibiti ake gyara wannan, kuma akan duba kowane jariri tun ranar farko. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kada ya ɗauka ina cewa a kira wanzami. A kai yaro asibiti, kuma a duba shi a cikin haske.

Na tambaye shi, da nawa hanjin ya tsaya sama da inda ya tsaya da kamar faɗin yatsa biyu fa? Ya girgiza kai kawai. Na fito daga wurinsa na zauna a kan wani dakali. Na riƙa lissafa abubuwan da sai da suka haɗu. Hanjin ya sauko daidai. Kaka ta tashi a ruga ta ga maraƙi. Wanzamin bai riga ya fita zaure ba. Ban san yadda zan auna wanne ya fi wani ba, kuma na san duka hukuncin Allah ne. Amma duk ta inda na biyo, sai in dawo kan yarinyar da aka ce kada ta duba, ta duba.

Na so in yi mata godiya tun tana da rai. Na yi ta shirya maganar a zuciyata ina warwarewa, ina tsoron kada in kunyata ta, ina tsoron kuma kada ta tafi ban faɗa ba. Wata rana muka je gaishe ta ni da matata. Ta tsufa ƙwarai, tana zaune a kan buzu tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa nesa kaɗan, kamar kullum.

"Yaya, akwai wani labari da Kaka ta ba ni tun ina yaro. Na ranar da wanzami ya zo."

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar. Ba ta dube ni ba, matata ta duba.

"Kin ji tsohuwar nan da surutu, Allah ya jiƙanta."

"Amin, Inna," in ji matata.

"Ki riƙa yi masa miyar yauƙi, kuɓewa ko karkashi. Kada ki bar shi da tuwo gaya." Ta rage murya kamar ba na wurin. "Yana dai kewayawa lafiya ko?"

Matata ta danne dariya. "Lafiya lau, Inna. Kullum."

"To, alhamdu lillahi."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Na sunkuyar da kai. Da na ɗan ɗago, sai na kama ta tana dubana da wutsiyar ido, tun daga hula har ƙafa, kafin ta mayar da fuskarta wajen bango.